Mun ci kifi a cikin tumbin jirgin KC-97 a Colorado Springs

Idan ka shiga The Airplane Restaurant ma'aikaciyar bakin ƙofa ta tambaye ka inda kake son zama, ka ce mata cikin jirgi, ko da kuwa za ta ce sai ka ɗan jira. Gidan yana ɗaukar mutum 275, amma 42 ne kawai ke samun wuri a cikin jirgin kansa. Sauran a ginin da aka manna wa jirgin suke zama. Ginin ba laifi, an cika shi da hotuna da ƙananan jiragen ado. To amma mutum ya taso tun daga Denver, ya ci kilomita 110 a kan titin I-25, sannan ya ƙare a ɗaki mai bango huɗu irin na kowane gidan abinci? Ai ya ƙona mansa a banza.

Wurin yana kusa da filin jirgin saman Colorado Springs, a jikin wani otal. Tun daga titi za ka hango wutsiya ta yi sama, tsayinta ya kusa mita 12. Jirgin KC-97 ne na kamfanin Boeing, ƙirar 1953, wanda aikinsa a da shi ne shayar da jiragen yaƙi mai a sararin sama, aka mai da shi gidan abinci a 2002. Jirgi ne na gaske da fukafukansa da farfelolinsa da tayoyinsa. Tsawon jikinsa ya haura mita 33, daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan kuma mita 43. Fiffike ɗaya ma a cikin ginin yake, ya kutsa da injinsa, mutane suna cin abinci a ƙarƙashinsa.

Ni makanikin manyan motoci ne a Aurora, a Ƙofar Ruwa na fara riƙe sufana. Baffana, ƙanin mahaifina, ya zo mana ziyara daga Kano, kuma dominsa muka je. Dattijo ne da gwiwa ta fara yi wa gardama. Manyan kantunan Amurka ba sa burge shi, dusar ƙanƙara ko a hoto ba ya ƙauna, amma in ana maganar jirgi sai ya gyara zama. Hawa jirgin ta matakala ne daga cikin ginin, kuma garin yana kan tudu sama da mita 1,800, inda baƙo kan ji numfashinsa ya gajarta ko da lafiyarsa ƙalau. Na ce masa, "Baffa, ko mu zauna a ƙasa?" Ya harare ni ya kama ƙarfen matakala.

A ciki tebura ne jere dama da hagu, hanya a tsakiya, kowane teburi da tagarsa. Masu kawo abinci suna sanye da kaya irin na ma'aikatan jirgi. Bangon ba a miƙe yake ba, ya lanƙwaso ta saman kai, don haka mai tsayi ya bar wa yara gefen taga. Abin da yawancin masu cin abinci ba sa lura da shi shi ne daɓen da teburinsu ke kai. A daidai nan ne jiki biyu suka haɗu. Ƙarƙashin ƙafarka akwai siririn jiki mai faɗin na jirgin bam B-29, samanka kuma wani babba da aka ɗora masa. In ka fita ka tsaya a gaban hancinsa za ka ga lamba 8 ce, sai dai cikin sama ya fi na ƙasa girma, ga kuma tsagi a gefe yana bin jikin jirgin inda suka haɗu.

B-29 shi ne jirgin da Amurka ta ƙona biranen Japan da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne kuma ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945. Ya fara tashi a Satumban 1942, aka ƙera 3,970. Yana da dogon zango, yana hawa can ƙololuwa, amma cikinsa matsattse ne don bam aka yi shi. Sojojin Amurka kuwa suna neman abin da zai kwashi motoci da igwa da mutane ya tsallake teku da su. Injiniyoyin Boeing ba su tsaya zana sabon jirgi daga tushe ba. Suka ɗauki fiffiken B-29, da injinansa huɗu na Wright R-3350, da wutsiyarsa, da ƙafafunsa, suka gina wani bene a kan ƙasan jikinsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kafintocinmu ke ɗora bodin katako a kan shasin roka ya fahimci dabarar: ƙarƙashi na masu shi ne, sama kuma ka yi yadda kayanka ke buƙata. Aka kira shi XC-97, aka yi guda 3 na gwaji, na farko ya tashi a Nuwamban 1944, yaƙi na ci.

Ɗana babba ya tambaye ni me ya sa ba su yi ƙaton bututu guda ɗaya ba a huta. Na jawo takardar goge hannu na zana masa. Jirgin da ke hawa sama sosai sai an matsa masa iska a ciki kafin mutane su iya numfashi, wato shi kansa tankin iska ne, kuma tankin iska da'ira yake so, ba ya son kusurwa. Da'ira ɗaya da za ta ba ka wannan tsayi za ta yi faɗin da ya wuce kima, ta ƙara nauyi, ta ja iska. Da'ira biyu a kan juna suna ba ka tsayin ba tare da faɗin ba, daɓen tsakiya kuma ya riƙe su kada su buɗe. Sannan fiffike ya ratsa ta jikin ƙasa, ya bar benen sama fayau daga gaba har baya. Wannan filin da aka bari don motocin soja, shi ne yau aka jera wa tebura.

A ranar 9 ga Janairun 1945 ɗaya daga cikin na gwajin ya tashi daga Seattle zuwa birnin Washington da kaya kimanin tan 9, ya isa cikin awa 6 da 'yan mintoci, yana gudun kilomita 616 a awa. A wancan zamani jirgin dakon kaya ya yi wannan gudu, ba ƙaramin abu ba ne. Ta ƙarƙashin wutsiya aka yi masa ƙofofi biyu masu buɗewa gefe da gefe, da gadar hawa da mota, da ƙugiyar lantarki da ke tafiya a kan dogo a jikin rufi tana jan kaya ciki. Sai dai gado ba ya ɓuya. Tunda an gina shi a kan jirgin bam, daɓensa ya yi nisa da ƙasa, lodi sai da wahala. Shi ya sa da C-130 ya fito a 1954, mai fiffike a sama da ciki dab da ƙasa, wanda sojojin saman Najeriya ke amfani da shi har yau, kowa ya ga yadda ya kamata a ce jirgin kaya ya kasance. Matakalar da ta sa Baffa haki, wannan gadon ne.

Abinci ya iso ina cikin zane.

Abincin Amurka ne sak: boga, gasasshen nama, taliya, kifi, salak, soyayyen dankali, da yawa daga cikinsu an laƙaba musu sunayen harkar jirgi. Mu a kifi da jatan lande muka tsaya, kamar yadda muke yi a duk gidan abincin da ba na Musulmi ba. Akwai naman alade a jerin abincin, akwai kuma wurin sayar da giya a ginin ƙasa, don haka mai zuwa ya san da wannan. A ƙasar nan naman alade yakan ɓuya inda ba ka zata ba, a barbaɗa shi kan salak ko a miya, kuma wasu gidajen sukan kwaɓa fulawar soya kifi da giya. Uwargida ba ta wasa da wannan, sai da ta bi komai ɗaya bayan ɗaya da tambaya. Yarinyar da ke kula da teburinmu ba ta ƙosa ba, abin da ba ta tabbatar ba ta koma kicin ta tambayo. Wannan kaɗai ya sa wurin ya shiga raina.

Ni da Baffa gasasshen kifin salmon muka ci. Ya gasu daidai, bai bushe ba, ya zo da zafinsa duk da cewa daga ginin ƙasa ake hawo da shi. Uwargida ta ɗauki taliya da jatan lande, faranti ya cika har ta rage aka zuba mata a mazubi ta taho da shi. Yara kuwa dankali suka sa a gaba. Gishiri da man shanu ne kan gaba a girkin, yaji babu, kuma ba wanda ya yi mana alkawarinsa. Uwargida ta zaro kwalbar yajin ƙuli daga jaka, wadda Baffa ya kawo mata tsaraba, muka barbaɗa. Baffa ya cinye nasa tas, ya goge baki, ya ce, "Kifi ya yi. Amma ina miya?" Shayi kuma sai ka ce mai zafi kake so, don a Amurka in ka ce shayi kawai, da ƙanƙara zai iya zuwa.

Ba zan ce a taso daga nesa don girkin kaɗai ba. Abinci ne mai tsafta, mai ƙosarwa, irin wanda za ka samu a gidajen abinci masu kyau na iyali. Jirgin ne ke kawo mutane, kuma masu wurin sun san haka, shi ya sa suka bar ɗakin matuƙa a buɗe.

Nan ne na manta da kowa. Hancin jirgin tagogi ne reras har ƙasa, haske ko'ina. Kujerun matuƙa biyu a gaba, amma ni kujerar injiniya ta ja ni, wanda ke zama a bayansu yana fuskantar allon agogai da makunnai. Shi ne makanikin da ke tafiya da jirgi, yana lura da zafin kowane inji, da matsin baƙin mai, da yadda fetur ke tafiya, yana gyara musu zama a sama. Kuma yana da abin lura. Bayan na gwajin, an daina amfani da injin B-29 aka koma na B-50, ƙanensa da aka inganta, tare da doguwar wutsiyarsa. Injin shi ne Pratt & Whitney R-4360: silinda 28 a layi 4, kowane layi 7, a murɗe, har makanikan Amurka suka riƙa kiransa totuwar masara. Ƙarfin doki 3,500. Kowace silinda fulogi biyu, inji ɗaya 56, jirgi guda 224. Injin tirelar da nake kwancewa kullum silinda 6 ne, lita 15, kuma ina ganin na yi aiki. Wannan lita 71 ne, guda huɗu. Na tsaya a ƙarƙashin wanda ke cikin ginin ina lissafin mutumin da za a ce ya canza fulogi a daren hunturu, na tausaya masa.

'Yata ƙarama ta haye kujerar matuƙi ta kama sitiyari. Baffa ya ce, "Amarya, in kin tashi da mu, a Kano za ki sauke ni, na gaji da sanyinku." Ta ce sai ya biya kuɗin mota.

Abin mamakin tarihin jirgin nan shi ne, an haife shi don dako amma shayar da mai ya ci da shi. Yaƙi ya ƙare kafin a fara ƙera shi da yawa. Guda ɗaya ya shiga jigilar abinci da kwal zuwa Berlin a 1949, wasu suka yi kwasar majiyyata a yaƙin Koriya. Cikin 888 da aka ƙera, 811 tankoki ne irin wannan da muka zauna a ciki. Can wutsiya, inda ƙofofin lodi suke a na farko, aka yi wa mai ba da mai wurinsa. A kife yake kwanciya, yana leƙen baya ta gilashi, yana sarrafa dogon bututu har ya soka shi a jikin jirgin da ke biye. Jirgin yana ɗauke da mai iri biyu da ba sa haɗuwa, fetur na injinansa, da kananzir na jiragen da yake shayarwa. Matsalar ita ce shi mai farfela ne, abokan cinikinsa irin su B-47 da B-52 masu injin jet ne. Iyakar gudunsa ya yi kusa da mafi ƙarancin nasu. Sai su haɗu su riƙa gangarowa tare, shi ya samu ƙarin gudu, su kuma kada su faɗo. Daga baya aka rataya wa wasu ƙarin injin jet biyu a ƙarƙashin fiffike. KC-135, tanki mai injin jet, ya fara karɓar aikin a 1957, amma KC-97 na ƙarshe sai 1978 suka ajiye aiki a Amurka.

Tun muna waje Baffa ya tsaya yana kallon hancin jirgin ya yi shiru, sai da muka koma teburi ya ce, "Kai, wannan ai na san shi."

"A ina, Baffa?"

"A Kano mana. Wannan hancin mai tagogi, da wannan tumbin. Na Ingila ne, samansa fari da shuɗin layi."

Bai yi kuskure ba, ɗan'uwan jirgin ya gani. Daga C-97 na dakon kayan nan ne Boeing suka fitar da jirgin fasinja mai suna Stratocruiser, guda 56 kacal, mai gadajen kwana da matakala mai murɗewa da ke sauka zuwa ɗakin shaƙatawa a jikin ƙasa. Kamfanin BOAC na Ingila ya sa shi a hanyar Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1950, yana yada zango a Kano. Da kamfanin jirgin Najeriya ya fara aiki a watan Oktoban 1958, da irin wannan jirgi na BOAC ya fara zuwa Landan. Baffa yana yaro a Fagge a lokacin. Ya ce su kan taka har filin jirgi su tsaya a bayan waya, kuma akwai mutum a kan raƙumi da ke busa kakaki in jirgi zai sauka. Yarana suka ɗauka tatsuniya ce, sai da na nemo musu hoton a waya. Ya ce abin da ba ya mantawa shi ne hayaƙin da injinan ke tofarwa in an tashe su ɗaya bayan ɗaya, da ƙarar da ake ji har cikin ƙirji. Shekara sittin da wani abu yana kallon jirgin nan daga bayan waya a zuciyarsa, ranar ya shiga cikinsa ya ci kifi.

Akwai wata alaƙar kuma da ba ta da daɗin tunawa. A lokacin yaƙin basasa, wajen ƙarshen 1968 zuwa 1969, Amurka ta ba ƙungiyoyin coci da Red Cross wasu C-97, suka riƙa kai abinci Biyafara da daddare, suna sauka a Uli, a kan titin mota da aka faɗaɗa ya zama filin jirgi. Gwamnatin tarayya ba ta so ba, don ta wannan filin ne makamai ma ke shiga. Baffa ya rasa abokai a yaƙin, da na kawo maganar ya ce, "Bar wannan, ɗana," na bari.

Kuɗin da muka biya bai wuce abin da muke kashewa a matsakaicin gidan abinci a Denver ba, kuma ba a caje mu komai don shiga ɗakin matuƙa ko ɗaukar hoto ba. Sabon zuwa ya tuna da tukuicin mai kawo abinci, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, don a nan ƙasar da shi suke rayuwa. Ba wanda ya hanzarta mu tashi duk da mun daɗe, ni ina zane, Baffa yana ba da labari.

Colorado Springs garin soja ne. Sansanin Peterson yana raba titin tashi da filin jirgin garin, makarantar horar da hafsoshin sojan sama tana arewa, don haka kada ka yi mamaki in ka ga dattijo a teburin kusa yana nuna wa jikokinsa inda ya taɓa zama a irin wannan jirgi. Mai zuwa da iyali a ƙarshen mako gara ya buga waya tukuna ya nemi teburin cikin jirgi, ko ya zo tsakanin abincin rana da na dare lokacin da mutane suka ragu. Mai keken guragu ko tsohon da matakala ta fi ƙarfinsa, ya nemi teburin da ke ƙarƙashin fiffike, a nan zai ga injin ido da ido. Salla kuwa a wurin ajiye motoci muka shimfiɗa darduma muka yi kasaru, tunda tafiyar ta kai. A taho da rigar sanyi ko da rana ta take, don iskar da ke gangarowa daga dutsen Pikes Peak ba ta da wasa.